Matata Ta Canza Bayan Haihuwa: Iska Ce, Ko Ciwo Ne Da Ake Magani A Asibiti?

Wani magidanci ya aiko da tambaya, ga taƙaitaccen abin da ya ce: "Likita, matata ta haifi ɗanmu na uku wata uku ke nan. Tun da aka yi arba'in ta zama wata daban. Ba ta barci, ba ta cin abinci sai an matsa mata, takan zauna ta yi ta kuka ba tare da an yi mata komai ba, kuma kwanan baya ta ce mini ita ba ta da amfani, gara a nema wa yara wata uwar. Mahaifiyata ta ce iska ce ta shige ta a wurin wankan jego. An kai ta wajen malami sau biyu an yi mata ruƙiyya, mai kemis na unguwarmu kuma ya ba ta ƙwayar barci. Shin wannan taɓin hankali ne? In na kai ta asibitin ƙwaƙwalwa ba za a mai da ita mahaukaciya ba? Na ji an ce magungunansu in an fara ba a dainawa, kuma suna mai da mutum dolo."

Malam, Allah ya raya abin da aka samu, ya ba maiɗakinka lafiya. Kafin in shiga bayanin da ka nema, akwai magana ɗaya a cikin wasiƙarka wadda ba ta jiran gobe, wato cewar da ta yi gara a nema wa yara wata uwar. Macen da ke goyon jaririn wata uku ba ta furta irin wannan don neman lallashi kawai. Sau da yawa hanya ce ta sanar da kai cewa tunanin mutuwa ya fara zo mata, tana jin nauyin faɗinsa ƙarara. Ka samu lokacin da babu kowa a ɗakin, ka zauna kusa da ita, ka tambaye ta cikin taushin murya ko ta taɓa jin gara ma ta mutu, ko ta taɓa tunanin yi wa kanta ko jaririn wani abu. Mutane da yawa suna tsoron kada tambayar ce ta saka mata tunanin, alhali yawancin waɗanda aka tambaya sauƙi suke samu, don an buɗe musu ƙofar magana. In ta ce e, ko ta yi shiru ta sunkuyar da kai, to a ranar za ku tafi asibiti, kuma kafin nan kada a bar ta ita kaɗai. Ko ma me ta amsa, a kwashe fiya-fiya da maganin ɓera da na feshin gona daga gidan, ƙwayoyin barcin nan kuma su koma hannunka.

Ba a yanke wa mara lafiya hukunci daga wasiƙa, sai an gan shi an duba shi. Duk da haka, abin da ka zayyana ya yi kama ƙwarai da ciwon damuwa na bayan haihuwa. Mai jego takan gamu da abubuwa uku ta wannan fuska. A kwanakin farko, tun kafin suna, mata da yawa sukan yi saurin kuka da saurin fushi saboda sinadaran jikin da ciki ya ɗaga sun sauko lokaci guda, ga wahalar naƙuda, ga rashin barci. Wannan yakan wuce da kansa cikin mako biyu. Idan abin ya zarce haka, ya yi nauyi, ya hana ta cin abinci da barci da jin daɗin ɗanta, to ya zama ciwon damuwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na shiga irin wannan hali bayan haihuwa. Na uku ba shi da yawa, mace ɗaya ko biyu ne cikin dubu, amma shi ne mafi haɗari: yakan zo farat ɗaya, yawanci a makonni biyun farko, mai jego ta rikice, ta daina barci kwata-kwata, ta riƙa jin muryoyi, ko ta ce jaririn ba nata ba ne. Wannan kamar jijjiga ne ko ɓallewar jini, a daren ake garzayawa asibiti.

Ban yi mamakin yadda abin ya fito fili bayan arba'in ba. Kafin nan gida cike yake da mutane, akwai mai dafa ruwan wanka, akwai mai dama kunun kanwa, akwai mai karɓar jariri in ya yi kuka, 'yan barka na shiga suna fita. Ranar da aka yi arba'in kowa ya koma gidansa, sai a bar ta da jariri da yara biyu da girki da wanki, alhali jikinta bai gama komawa ba. Ciwon da hayaniyar jego ta rufe, a nan yake bayyana.

Ka tambaya ko taɓin hankali ne. Babu kalmar da ta cutar da mu a wannan fanni kamar "hauka", domin da an ambaci asibitin ƙwaƙwalwa sai kowa ya hango mutumin nan mai tsumma da ke kwana a bakin tasha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya, wato kimanin miliyan 970, yana fama da wata larura ta tunani. Cikinsu kimanin miliyan 280 ciwon damuwa ne, miliyan 301 ciwon fargaba, amma masu ciwon nan mai tsanani da ke raba mutum da sanin zahiri kimanin miliyan 24 ne. Ma'ana mafi yawan masu wannan larura suna kasuwa, suna ofis, suna sahu ɗaya da kai a masallaci, hankalinsu ras, abin da ke cin su yana ciki. Matarka, bisa ga bayaninka, ta san kanta, ta san ka, ta san 'ya'yanta. Ba ta haukace ba. Ba ta da lafiya ne.

Ciwon damuwa a wajen mutanenmu ta jiki yake magana. Da wuya ka ji wani ya zo ya ce yana cikin baƙin ciki. Abin da za ka ji shi ne kaina na ɗaukar zafi kamar an ɗora garwashi, gabana na faɗuwa, wani abu na yi mini yawo a jiki, ba ni da ƙarfi. Ba na manta wata baiwar Allah da ta shigo ɗakin duba marasa lafiya riƙe da baƙar leda cike da takardun gwaji, ta zazzage su a kan tebur. An yi mata maganin taifot sau huɗu, an yi na zazzaɓin cizon sauro ba adadi, an yi hoton ciki, an yi na ƙirji, duk lafiya lau. Da na ture takardun gefe na tambaye ta yaushe rabon da ta ji daɗin wani abu a ranta, sai ta kalli ƙasa, ta ja bakin mayafinta ta rufe fuska, ta ce tun rasuwar mahaifiyarta, shekara biyu da suka wuce, ba wanda ya taɓa tambayarta. Abin da muke dubawa shi ne ƙuncin rai ko gushewar sha'awar abubuwan da mutum ke so a da, kusan kullum, har mako biyu ko fiye, tare da lalacewar barci, musamman farkawa tun kafin asuba a kasa komawa, da raguwar ci, da kasala, da kasa tattara hankali, da ganin laifin kai a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Za ka ji masu cewa rashin tawakkali ne ko raunin imani. Wannan magana ba ta da tushe a likitanci, kuma ni ban ga tushenta a addini ba. Annabi Yakubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, ba a kuwa ce imaninsa ya yi rauni ba. Malamin nan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rarrabe tsakanin baƙin cikin da ke da sanannen dalili, kamar rashi ko asara, da wanda ke sauko wa mutum haka kawai ya danne shi ba tare da ya san mafarinsa ba, ya kuma ce na biyun yana da asali a jiki, don haka yana buƙatar magani tare da kyakkyawar magana. Fiye da shekara dubu ke nan da malaman Musulunci suka fahimci abin da har yau muke gardama a kansa a zaure.

Ɗan'uwan damuwa na kusa shi ne ciwon fargaba, kuma sau da yawa tare suke zuwa. Wani zullumi ne da ba ya ƙarewa, mutum ya kwana ya tashi yana jiran mugun labari. Wani kuma yakan zo kamar farmaki: zuciya ta riƙa dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, gumi ya karyo, hannu ya yi sanyi, mutum ya tabbata mutuwa ce ta zo, bayan 'yan mintoci abin ya lafa, a je a yi gwajin zuciya a ga babu komai. Akwai kuma waswasin da ya wuce misali, wanda nake yawan gani ga masu kula da ibada: mutum ya yi alwala sau goma yana shakkar ko ruwa ya taɓa gwiwar hannu, ya tayar da kabbara ya sake, ya sake, har liman ya yi ruku'u. Shi kansa ya san abin ya yi yawa, amma ya kasa bari, kuma yana jin kunyar gaya wa kowa. Wannan ma ciwo ne sananne mai magani. Sannan a Borno da Yobe da Zamfara da Katsina da sauran wuraren da tashin hankali ya shafa, akwai dubban mutanen da suka ga kisa ko aka yi garkuwa da su, waɗanda har yau ƙarar babur ke firgita su, suna mafarkin abin da ya faru, suna gudun duk abin da zai tuna musu da shi.

Cikin larurorin tunani masu tsanani, biyu ne aka fi sani. Ɗaya shi ne mai juyi biyu, wanda mutum zai yi makonni yana zumuɗi, ba barci ba gajiya, yana surutu ba ƙaƙƙautawa, yana rabar da dukiyarsa, yana ganin kansa wani babba, daga baya kuma ya faɗa damuwa mai zurfi. Ɗayan shi ne wanda yakan fara a ƙuruciya, saurayi ko budurwa su janye daga mutane, su riƙa jin ana yi musu magana babu kowa, ko su haƙiƙance ana binsu ko an zuba musu guba a abinci. Shaye-shaye kuma ya shiga tsakiyar lamarin. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a farkon 2019 ya nuna kimanin 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda, kuma ka tuna a watan Mayu na 2018 gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Wiwi da tiramadol na iya tayar da ciwon da ke kwance, haka nan mai damuwa na iya faɗawa shaye-shaye don neman barci, har da matan aure a cikin ɗakunansu.

Idan kun je asibiti, abin da likita zai fara yi shi ne ya saurare ta, sannan ya duba jikinta. Wannan na biyun yana da muhimmanci ga mai jego, domin ƙarancin jini bayan haihuwa na kawo kasala da bugun zuciya, haka nan ƙullin nan na maƙogwaro da ke kumbura ya zama maƙoƙo yakan rikice bayan haihuwa ya kawo alamun da suka yi kama da damuwa ko fargaba. Kuma duk wanda ya rikice farat ɗaya tare da zazzaɓi, to a fara tunanin sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai ko taifot, ba aljanu ba, ba kuma ciwon tunani ba.

Magani na farko shi ne magana, amma ba nasiha irin ta "ki yi haƙuri, kowa da tasa" ba. Zama ne da wanda aka horar, sau ɗaya a mako, na wasu makonni, inda ake zaƙulo tunanin da ke danne mutum a auna shi da gaskiya. Idan ta ce ni uwar banza ce, sai a tambaye ta wa ya yi wa yaran wanka yau, wa ya tashi sau huɗu cikin dare ya ba da nono. A hankali take gane cewa ciwon ne ke yi mata ƙarya. Ana kuma tsara mata ƙananan abubuwan da za ta koma yi ko da ba ta jin sha'awa, kamar fita tsakar gida da hantsi, ko kitso, ko leƙa maƙwabciya, domin a wannan ciwo motsi ke jawo sha'awa, ba a jiran sha'awa ta zo tukuna. A Harare ta ƙasar Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna irin wannan zama da masu abin da suke kira kufungisisa da harshen Shona, wato yawan tunani, kalmar da mu ma ita muke faɗa. Binciken da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka yi zama shida da tsofaffin sun fi waɗanda aka yi wa kulawar yau da kullum samun sauƙi nesa ba kusa ba. Ga damuwa mai sauƙi ko matsakaiciya, wannan kaɗai na iya wadatarwa. Ga wadda ta daina ci da barci har ta fara maganar a nemo wata uwa, ina sa ran likita zai haɗa da ƙwaya.

Yanzu ga tsoronka guda biyu. Magungunan damuwa da aka fi samu a ƙasar nan, da sunayensu kamar yadda za ka gani a jikin kwali, su ne amitriptyline da fluoxetine da sertraline. Ba sa bugarwa, ba sa sa mutum ya riƙa kwaɗayinsu yana neman ƙari, kuma ana daina su. Abin da ya kamata ka sani tun yau shi ne ba sa aiki nan take. Sai an yi mako biyu zuwa huɗu ana sha kullum kafin a fara ganin sauyi, wani lokaci har shida. Illolinsu kuwa su ke riga amfaninsu zuwa: amitriptyline na busar da baki, yana sa barci da taurin bayan gida, sauran biyun na iya sa tashin zuciya ko ciwon kai a makon farko. A nan mafi yawan mutane ke yar da magani, su ce bai karɓe su ba, alhali saura ƙiris. Kuskure na biyu ya fi wannan yawa: da mace ta warware ta koma dariya da girki, sai a ce ai ta warke, a ajiye. Ƙa'ida ita ce a ci gaba aƙalla wata shida bayan samun sauƙi, sau da yawa har wata tara zuwa shekara, sannan likita ya riƙa ragewa kaɗan-kaɗan har a bari. Yankewa lokaci guda na kawo jiri da rashin barci, kuma ciwon na iya dawowa. Shayarwa ba ta hana magani, kada a yaye jaririn. Sertraline kaɗan ne ƙwarai ke shiga nono, shi ya sa ake yawan zaɓarsa ga mai goyo. In an ba ta amitriptyline, kai za ka riƙe kwalin kana ba ta na kullum, don shan sa da yawa lokaci guda na iya kisa.

Ƙwayar da ta fi dacewa ka ji tsoro ita ce wadda ke gidanka yanzu. Abin da masu kemis suka saba bayarwa don barci shi ne diazepam ko danginsa. Wannan ne jiki ke sabawa da shi cikin 'yan makonni, har a kasa barci sai da shi, a riƙa ƙara yawansa. Ba ya taɓa tushen damuwa, kuma yana bin nono ya sa jariri yawan barci da kasalar tsotso. In ta jima tana sha kullum, kada ka tsayar da shi da kanka a dare ɗaya. Ka kai wa likita ya tsara yadda za a janye shi.

Maganar mai da mutum dolo kuma tana da asali, ba zan ɓoye maka ba. Tsofaffin magungunan da ake ba masu ciwo mai tsanani, irin su haloperidol da chlorpromazine, in aka ba da su da yawa sukan sa jiki ya sandare, tafiya ta yi nauyi, hannu ya yi rawa, yawu ya riƙa zuba. Wanda ya taɓa ganin ɗan'uwansa a haka ba zai manta ba. Amma wannan alama ce ta cewa awon ya yi yawa ko maganin bai dace da mutumin ba, kuma ana gyara shi ta hanyar ragewa, ko sauyawa, ko ƙara wani da ke warware jiki. Sababbi irin su risperidone da olanzapine sun fi sauƙi ta wannan fuska, sai dai suna sa ƙiba, don haka ake lura da suga. Waɗannan ba su ne magungunan damuwa ba. Masu ciwo mai tsanani su ne sukan daɗe a kan magani, wasu shekaru, wasu har iyakar rayuwa, kamar dai mai hawan jini ko ciwon suga, kuma da yawansu suna aure suna sana'a. Wanda ke mantuwa da ƙwaya akwai allurar da ake yi masa duk bayan 'yan makonni. Ga mai juyi biyu akwai lithium da sodium valproate. Na farkon yana buƙatar gwajin jini akai-akai, kuma ƙarancin ruwa a jiki na mai da shi haɗari, don haka sai an shawarci likita kafin azumi. Na biyun yana nakasa ɗan tayi, bai kamata a ba macen da ke iya ɗaukar ciki ba sai babu makawa. Akwai kuma maganin lantarki da mutane ke jin tsoron sunansa. A yau sai an sa mutum barci ake yi, kuma yana ceton ran wanda damuwa ta kai shi ga ƙin ci da sha gaba ɗaya.

Game da ruƙiyya, ni ba zan ce maka ku bar addu'a ba. Mara lafiyan da ke samun natsuwa da karatun Alƙur'ani da azkar, wannan natsuwar tana cikin abin da ke taimaka masa. Hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, kuma neman maganin ba ya cin karo da roƙon Allah. Tun a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya ke zama a ƙauyukan kusa da asibiti tare da danginsu, yana kuma aiki tare da masu maganin gargajiya maimakon ya kore su, kuma duniya ta yaba da tsarin. Inda nake ja layi shi ne duka da sunan korar aljani, da turara hayaƙin barkono, da hana abinci, da ɗauri, da kuma duk wanda zai ce a ajiye maganin asibiti. Na duba wani saurayi da aka kawo bayan ya shekara a gidan mari. Da ya ɗage ƙafar wandonsa, idon sawunsa biyu duk tabo ne zagaye, fari fat, inda ƙarfe ya ci nama. Cikin wata biyu a kan magani mai araha ya koma shagon ɗinki, amma tabon yana nan, kuma har yau ba ya yarda a rufe ƙofa yana ciki. Ka tuna yadda a watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa. A watan Janairu na 2023 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin mara lafiya na a kula da shi cikin mutunci.

Hajiya mahaifiyarka kuwa, kada ka tsaya jayayya da ita a kan ko iska ce ko ba iska ba, ba za ka ci riba ba, kuma ita ma lafiyar surukarta take nema ta hanyar da ta sani. Ka ce mata za a ci gaba da addu'a a gida, amma kana so a duba jinin mai jego da rashin barcin nan. In da hali ka tafi da ita. Uwar mijin da ta ji bayani da kunnenta ita ce ke zama mai tuna lokacin shan magani, wadda aka ɓoye wa kuwa ita ce ke cewa a zubar.

Wuraren zuwa suna nan, ko da yake likitocin wannan fanni 'yan ɗaruruwa ne kawai a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, sannan asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya da na Jos suna da sashen wannan fanni. In sunan asibitin ƙwaƙwalwa ne ke yi muku nauyi, ku fara da inda ta haihu ko inda ake yi wa jaririn rigakafi, ku gaya wa likita ko ungozoma abin da ka gaya mini ba tare da ragewa ba. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɓullo da shirin horar da likitoci da nas-nas na ƙananan asibitoci su gane damuwa su fara maganinta, su tura mai tsanani gaba. Mafi yawan masu irin ciwon matarka ba a kwantar da su, a ranar suke komawa gida da ranar dawowa a rubuce a kati.

Akwai rabon aikin da babu likitan da zai yi maka. Barci magani ne a wajenta, don haka a samu wata, ƙanwarta ko mahaifiyarta, ta zo ta zauna na wasu makonni, ta riƙa karɓar jaririn bayan ya sha nono don ta samu awa huɗu ko biyar a jere. Ka kiyayi kalmomin nan da maza ke faɗa da kyakkyawar niyya, irin su "me kika rasa a gidan nan" da "ki gode wa Allah, wasu nema suke". Ita ma ta san ba ta rasa komai ba, abin da ke ƙara mata ganin laifin kanta ke nan. Kada a yi mata maganar ƙarin aure a wannan hali, kada kuma a ce ta tafi gida sai ta warke ta yadda za ta ji kamar kora ce. In za ta je wajen iyayenta ta huta, ya zama da yardarta, kana zuwa kana dubawa. Nan gaba in ta sake samun ciki, ku faɗa tun ranar awon farko cewa ta taɓa yin wannan, don ciwon na iya dawowa, kuma in an sani ana tare shi da wuri.

Ranar da za ku tafi, ka ɗauki kwalin ƙwayar da mai kemis ya bayar, da katin awonta, da duk wani jiƙo ko garin magani da take sha. Ka rubuta a takarda lokacin da abin ya fara, da awa nawa take barci, da ko ta taɓa yin irinsa a haihuwar baya, da ko akwai wani a danginta da ya taɓa fama da makamancinsa. In likita ya nemi ku fita ya gana da ita tare da nas na ɗan lokaci, ku ba su wuri, don akwai abin da ba za ta iya faɗa a gabanka ko a gaban Hajiya ba.